Babi na 6: Kwashe Hotuna Daga Kyamara Zuwa Kwamfutar Cinya

Darasi na 1: Haɗa su

Iyayena da 'yan uwana, duk hoton da kuka ɗauka, a fadama ne ko a wurin suna, yana ajiye ne a kan wani ɗan kati da ke cikin kyamara. Sunansa memori, girmansa kamar kan sarki.

A fara cika batirin kyamara da na kwamfuta. In babu wuta a gari, a kai wa mai cajin sola tun da safe. Wayar kyamara baki biyu gare ta. Ƙaramin na kyamara ne, babban kuma na ramin USB da ke gefen kwamfuta. In ya ƙi shiga kada a tura da ƙarfi, juya shi za a yi. Sannan a kunna kyamarar. Da yawanku kan manta, su zauna suna ta jira.

Darasi na 2: Kwafa

A kwamfuta ku buɗe This PC, wato wurin da ke nuna ma'ajiyar kwamfutar da abin da aka haɗa da ita, za ku ga kyamarar ta fito. Ku danna ta sau biyu da sauri, ku ci gaba da buɗewa har ku ga folda mai haruffa huɗu: D, C, I, M. Hotunanku suna ciki.

To, a natsu a nan. Ku shafa da yatsa a kan faifan da ke gaban maɓallan rubutu har kibiyar da ke kan allo ta hau kan DCIM, ku danna maɓallin dama na faifan. Na dama, wajen hannun da kuke cin tuwo. Jerin kalmomi zai fito, biyu daga ciki suna farawa da C. Cut haruffa uku ne, Copy huɗu. Copy muke so. Ku ƙirga da yatsa: C, o, p, y. Babu kunya a ƙirgawa, mai koyo ai haka yake yi.

Copy yana barin hotuna a memori, ya yi muku wasu a kwamfuta. Cut kuwa ɗauke su yake yi, kuma in batir ya mutu ko waya ta motsa ana tsakiyar aiki, kuna iya rasa wasu. A wasu kwamfutocin hoton almakashi za ku gani maimakon rubutun. Shi ne Cut, ku bar shi.

Mu sake. Kibiya kan DCIM, maɓallin dama, ƙirga huɗu, Copy.

Wallahi abin yana damuna, kullum ana faɗa amma sai wani ya ga C ya danna kawai. Gaggawar me kuke yi? Dattijo guda ya ɗauki hotunan shinkafarsa tun daga dashe har girbi, sai ya yi wasa da su saboda ƙyuyar ƙirga harafi huɗu? Haba! Copy, mai huɗu.

Yanzu ku buɗe Pictures, wato foldar hotuna ta kwamfuta, ku sa kibiya a fili inda babu komai, maɓallin dama, sai Paste, shi ne zai sauke hotunan a nan. Ku ɗauke hannu har layin da ke tafiya ya kai ƙarshe.

Darasi na 3: Dubawa

Ku buɗe hotunan cikin Pictures ku gan su da idonku. Kada ku goge komai a kyamara kafin nan, don abin da aka goge a memori ba ya zuwa Recycle Bin, wato kwandon sharar kwamfuta inda ake iya dawo da abin da aka goge.

Darasi na 4: Cirewa

A kashe kyamara, a zare waya, a mayar da su jaka saboda ƙura.

Aikin gida: kowa ya rubuta Copy sau 10 a littafinsa.