Yadda ɗalibar jinya za ta koyi kula da jarirai da ƙananan yara

Ɗalibar da aka tura ɗakin jarirai a karon farko takan iso da littafi cike da abin da aka koya mata a aji, amma da zarar an miƙa mata jaririn da bai kai kilo biyu ba, sai ta rasa inda za ta kama shi. Dalili kuwa shi ne babban mutum yana faɗin inda ke masa ciwo, jariri kuma ba ya faɗi, don haka duk abin da za ki sani game da shi sai ta hanyar ido da hannu da agogo. Waɗannan ukun ne ya kamata ki horar a makonnin da za ki yi a wannan sashe, ko a babban asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika aka tura ki, ko kuwa a ƙaramin asibitin karkara inda nas ɗaya ke riƙe da ɗakin haihuwa da ɗakin yara gaba ɗaya.

Ki fara da lafiyayyen jariri kafin ki je ga maras lafiya. Ɗalibai sukan yi ɗokin zuwa wajen bakwainin da ke cikin kwalba saboda a nan na'urori suke, alhali wadda ba ta san kamannin lafiya ba ba za ta gane ciwo idan ta gan shi ba. Ki nemi izinin sista mai kula da ɗakin masu jego ki duba jarirai da yawa kowace safiya, bayan kin gaida uwar kin kuma wanke hannu da sabulu. Zafin jikin lafiyayyen jariri yana tsakanin 36.5 da 37.5 a ma'aunin Salsiyas, numfashinsa yana tsakanin 30 da 60 a minti ɗaya, nauyinsa a ranar haihuwa bai gaza kilo 2.5 ba, yana kama nono da ƙarfi sau takwas ko fiye a yini da dare. A kwanakin farko nauyin yakan ɗan ragu, ya dawo kafin ya cika mako biyu, kuma idan kin san haka ba za ki tayar wa uwa hankali a banza ba.

Ƙirga numfashi shi ne aikin da na fi son ɗaliba ta ƙware a kai, domin ba ya bukatar wutar lantarki, kuma da shi ake kama ciwon haƙarƙari tun bai yi nisa ba. Ki bar yaron a cinyar uwarsa, kada ki karɓe shi, domin da ya fara kuka ƙirgar ta lalace. Ki roƙe ta ta ɗaga rigarsa, ki kafa ido a kan cikinsa, ki ƙirga minti ɗaya cur. Kada ki ƙirga daƙiƙa 15 ki ninka sau huɗu kamar yadda ake yi wa manya, saboda jariri yakan yi numfashi da sauri ya ɗan tsaya ya ci gaba, wanda hakan kan sa ninkin ya ba ki lissafin ƙarya. Numfashi 60 ko fiye ga wanda bai kai wata biyu ba ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya iyakar 50 ce. Daga shekara ɗaya zuwa biyar kuma 40. Idan kin samu 60 ga jariri, ki sake ƙirgawa kafin ki kai rahoto. Ki lura kuma ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki lokacin da yake jan iska, ko yana gurnani a ƙarshen kowane numfashi.

A ɗakin haihuwa, abin da za ki maimaita har hannunki ya haddace shi ne aikin mintin farko. Kafin a haihu ki shirya zanuwa biyu masu tsabta, ki rufe taga, ki kashe fanka, ki gwada jakar hura wa jariri iska da murfinta na fuska a tafin hannunki ki tabbatar ba ta yoyo. Da ya fito ki tsane shi sosai da zane ɗaya, ki ajiye jiƙaƙƙen, ki kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, ki rufe su da busasshen, ki sa masa hula. Idan ya yi kuka, a jinkirta ɗaure cibiya minti ɗaya zuwa uku, a sa shi a nono cikin sa'ar farko. Idan bai yi kuka ba bayan tsanewa da shafa baya, ba a jira, ba a riƙe shi ta ƙafa a buge shi kamar yadda ake yi a da. A fara hura masa iska kafin minti ɗaya ya cika, kamar sau 40 a minti, ana kallon ƙirjinsa yana tashi. Makin Apgar na auna lafiyar jariri da an haife shi, wanda likitar Amurka Virginia Apgar ta tsara a 1952, ana ba da shi a minti na ɗaya da na biyar, amma ba a tsayawa lissafin maki alhali yaro ba ya numfashi. Ki yi ta gwaji a kan jaririn roba na makaranta, ki sa abokiyar karatunki ta riƙe agogo, har sai kin iya ba tare da tunani ba.

Sanyi yana kashe jarirai a ƙasarmu mai zafi fiye da yadda mutane ke zato, musamman a lokacin hunturu. Shi ya sa ake jinkirta wankan farko har sa'o'i 24, kuma shi ya sa ake ɗaure bakwaini a ƙirjin uwa da zane, daga shi sai hula da ƙyallen fitsari, dabarar da aka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabe. Ki koyi ɗaurin da kanki: yaron a tsaye tsakanin nonuwa, fuskarsa a gefe, ƙafafunsa a buɗe kamar kwaɗo. Matanmu sun iya goyo tun suna yara, abin da kawai za ki nuna musu shi ne a mayar da goyon gaba.

Sai kuma magana da dangi, wadda ba a cika ba ta muhimmanci a jarrabawa ba, ko da yake a kanta rabin aikin ya rataya. Mai jego, musamman ta fari, ba ita ke yanke hukunci a kan jaririnta ba. Uwarta ko surukarta ce za ta yi masa wanka, ita ce za ta gasa cibiya, ita ce za ta kira wanzami. Idan kin yi wa yarinyar bayani kin bar tsohuwar a bakin ƙofa, kin yi aikin banza. Ina ɗaliba na taɓa ganin an kawo jariri ɗan kwana shida cibiyarsa ta yi ja tana wari, an gasa ta da tsumma mai zafi an kuma shafa mata man goge baki. Wata ma'aikaciya ta hau kakar da faɗa a gaban jama'a, kafin la'asar sun ɗauke yaronsu sun tafi ba tare da sallama ba. Tun daga ranar na ɗauki wata hanya. Nakan durƙusa in gaida tsohuwar, in ce, "Inna, kin rene yara da yawa, kin fi ni sanin wannan aiki, ga wani magani da nake so ki riƙa shafa masa da hannunki." Sai in miƙa mata man kuloheksidin na cibiya, in nuna mata yadda ake shafawa sau ɗaya a rana, in ja kunnenta cewa ba ya kusantar ido, domin yana makantarwa. Da irin wannan lafazi za ki yi maganar dakashi, wanda wasu ke matsewa su zubar alhali shi ne rigakafin farko na yaro, da maganar ba shi ruwa ko jiƙo kafin wata shida, da kuma cire beli, wanda ke jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Kafin a sallame su, ki duba ciwon shawara a hasken rana kusa da taga, ba a ƙarƙashin kwan lantarki ba: ki danna goshi ko karan hanci da yatsa ki saki ki ga launin da ya bayyana. Shawarar da ta fito a ranar farko, ko wadda ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ta gaggawa ce, kuma ba shanya yaro a rana ne maganinta ba. Ki karanta wa uwa da kaka alamomin da za su dawo da shi ko da tsakar dare ne, wato ƙin kama nono, jijjiga, zazzaɓi ko sanyin jiki, saurin numfashi, da kasala har ba ya motsi sai an taɓa shi.

A ɗakin manyan yara za ki yi aiki da tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a tsakiyar shekarun 1990, wanda ke umartar ki duba yaron gaba ɗaya ko da tari kawai aka ce yana yi. Ki tambayi ko yana iya sha, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga. Ga mai gudawa ki duba faɗawar ido da maɗiga, ki ja fatar cikinsa ki ga saurin komawarta, sannan ki haɗa ruwan gishiri da sukari a gaban uwar da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ƙunshin, ki ba shi da cokali, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Ki auna kaurin damtsen kowane yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. Ƙasa da santimita 11.5, ko kumburin ƙafafu biyu, tamowa ce mai tsanani. Katin rigakafi kuma ki karɓa ki buɗe da kanki: ranar haihuwa, mako 6, 10 da 14, wata 9, da allurar ƙyanda ta biyu a wata 15. Ɓarkewar mashaƙo da Kano ta gani a 2023 ta fi kama yaran da katinsu ke da giɓi ko waɗanda ba su da kati ko kaɗan.

Maganin yara da nauyi ake lissafa shi, don haka ki auna yaron a ranar, kada ki karɓi "zai kai kilo goma". Farasitamol miligiram 15 ne ga kowane kilo, saboda haka yaro mai kilo 8 zai sha miligiram 120, wato mililita 5 idan kwalbar mai 120 a cikin mililita 5 ce. Ki karanta jikin kwalbar kowane lokaci domin ƙarfin ya bambanta. Ki rubuta lissafinki a takarda, ki nuna wa nas mai rajista kafin ki ba da ko ɗigo ɗaya, kuma idan rubutun likita bai karantu ba ki koma ki tambaye shi ko da zai ɓata rai.

Ban da littafin aikin da makaranta ke sa a sanya wa hannu saboda jarrabawar Hukumar Jinya da Ungozoma ta Najeriya, ki riƙe ƙaramin littafi naki a aljihu. Kowane dare ki rubuta yaro ɗaya ba tare da sunansa ba: shekarunsa, abin da kika gani, abin da kika ƙirga, abin da kika zata, da abin da likita ya gano. Washegari ki fara da gadonsa, ki sake ƙirga numfashinsa, ki rubuta sabon adadin a ƙarƙashin na jiya.