Magen da ke cin abin wasanta: kurakuran da na gaji da gani

Duk wanda ya ɗauko 'yar mage sabuwa, abin da yake fara jefa mata shi ne zare. Ko ulun saƙa, ko igiyar bakin buhu, ko ribom ɗin yarinya. Sai a zauna ana dariya tana birgima da shi, a ɗauki bidiyo, daga nan kowa ya tashi ya bar ta da abinta. Wasu magunan farautar abin wasa suke su yar, wasu kuwa taunawa suke su haɗiye, kuma a kan waɗannan na biyun nake magana.

Zare ne babban makashinsu. Ku taɓa harshen mage ku ji kaushinsa: ƙananan ƙayoyi ne a jere, duk sun kwanta suna fuskantar maƙogwaro. Da zarar zare ya hau kansu da wuya ta iya tofarwa, haɗiya kawai take yi. Sau da yawa ɗaya bakin zaren yakan naɗe a gindin harshe ko ya maƙale a ciki, sauran ya wuce hanji. Hanjin na ta ƙoƙarin tura shi gaba, shi kuma ya ƙi motsi, sai hanjin ya tattare a jikinsa yadda wando ke tattarewa a jikin zariya, zaren yana yankarsa ta ciki. Idan ya huda, ƙazanta ta zube a cikin ciki, ko da tiyata ma sai an dace. Gidan da ake ɗinki ko kitso sai an fi kula, don zaren ɗinki yakan tafi har da allurarsa, guntun gashin kitso ma haɗiye shi suke.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne jan zaren. Akwai wata farar mage da na raina tun tana shan nono, ta haɗiyi zare a gindin keken ɗinki. Wata 'yar'uwa da ta zo mana kwana ta ga guntun yana leƙowa ta bayanta, ta kama ta ja, ita a ganinta taimako ne. Magen ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. Likitan dabbobi ya yi aiki ya yanke wani ɓangare na hanjin, kuɗi suka tafi, ita ma ba ta tashi ba. Don Allah, in kun ga zare a baki ko a dubura, kada ku ja, ko da a hankali ne. Ba ku san inda ɗaya bakin ya maƙale ba. Ku ɗauke ta zuwa asibitin dabbobi a ranar. Haka in kun ga tana amai a kai a kai, ta ƙi abinci, ta shige ƙarƙashin gado, ko tana ƙin a taɓa cikinta. Wace "bari mu gani zuwa gobe" ake yi da hanjin da ake yankawa?

Sai masu ɗura mata manja ko ruwan gishiri wai ta yi amai. Mai yana iya bi ta huhu, gishiri mai yawa guba ne, kuma babu wanda zai kwance zaren da ya naɗe. Farasitamol kuwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage.

Ni dai abin da nake yi yanzu, duk abin wasan da ke da igiya a hannuna yake. Sanda ce da ƙyalle mai kauri a bakinta, muna yi da asuba ko gab da magariba, lokacin da jikinsu ke neman farauta. Ina barinta ta cafke a ƙarshe, in ba ta abinci nan take, sandar kuma ta shiga durowa mai rufewa. Na lura in ta gaji ta ƙoshi, taunar banza tana raguwa. Abin da nake bar mata in ba na nan: kwali, da ƙwallon tebur, wanda ya fi ƙarfin bakinta.

Ɓeran roba na kanti, ku cire masa ido da jela da ƙararrawa kafin ku ba ta. Robar ɗaure kuɗi da ta gashi kada su kwana a ƙasa. Leda ma haka, musamman wadda aka zuba nama ko kifi. Wayar caja a cire a naɗe. Abin wasan da audugarsa ta fara fitowa a jefar da shi. Kada ku saba mata da cizon yatsa.

'Yar mage mai wata 3 zuwa 6 tana famfara ne, dole ta tauna, sai a ba ta ƙyalle mai ƙarfi wanda ba ya zarewa. Amma babbar da ke cin bargo ko safa, wannan likita ya kamata ya duba ta, don wani lokaci ciwo ne ke jawo shi. An fi ganin halin ga waɗanda aka raba da uwa da wuri, shi ya sa ba na karɓar 'yar da ba ta kai mako 8 ba.