Ga masu son fara haɗa kiɗa a ɗaki

Salam 'yan uwa. Wani ƙanena a nan Gusau ya tambaye ni manhajar da zai fara da ita, sai na ga gara in faɗa kowa ya ji.

Don Allah kada ka cika kwamfuta da manhaja biyar. Ɗauki ɗaya ka zauna a kanta. Masu haɗa kiɗa da yawa FL Studio suke riƙe da ita, in ka maƙale ba za ka rasa mai nuna maka ba. Sai dai FL Studio ta gwaji tana barinka ka adana aiki, amma ba ta sake buɗe shi sai ka saya. In murya kawai za ka ɗauka, Audacity kyauta ce. Reaper kuma tana ba da kwana 60 na gwaji.

Ni abin da ya fi damuna ɗakin ne. Bangon siminti yana dawo da amo, kuma babu manhajar da za ta goge shi tas. Na taɓa ɗaukar wani mai kalangu, hannunsa zinariya wallahi, da muka saurara sai ƙarar fanka da janaretan maƙwabci a ƙarƙashin kiɗan. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yanzu katifa nake jinginawa a bango, in rataya bargo bayan mai waƙa, mu kashe fanka mu jure zufar minti biyar.

Kada ka bar ma'aunin sauti ya taɓa ja. Ya tsaya tsakanin -12 da -6 dB (desibel, awon ƙarfin sauti). In murya tana makara a kunne, sa direban ASIO (ƙaramar manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urar sauti kai tsaye) ka rage bafa (yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar) zuwa 128 ko 256. Ka riƙa danna Ctrl+S don adana aiki kafin a ɗauke wuta.