Yadda ake samun lasisin kamfanin eskuro a Kalifoniya

A jihar Kalifoniya ta Amurka, yawanci mai sayen gida ba ya damƙa wa mai sayarwa kuɗi hannu da hannu. Kuɗin da takardun suna zama amana a hannun kamfanin eskuro, sai kowane ɓangare ya cika sharaɗinsa sannan a saki. Mai son buɗe irin wannan kamfani mai zaman kansa sai ya nemi lasisi daga hukumar DFPI, mai sa ido kan harkokin kuɗi na jihar. Bankuna da lauyoyi da kamfanonin inshorar takardun mallaka nasu tsarin daban ne.

Fara da neman manaja, kafin haya, kafin allon suna, kafin komai. Doka ta ce dole a samu mutum mai aƙalla shekara 5 yana riƙe da ragamar aikin eskuro, kuma ya zauna a ofishin a lokutan aiki. A nan na ga sababbi suna faɗuwa. Mutum ya daɗe yana dillancin gidaje, sai ya ɗauka wannan ya wadatar. Bai wadatar ba, dillanci daban, riƙon amanar kuɗi daban. Wani kuma ya samo tsohon ma'aikaci, amma babu takardar da ke nuna shi ne ya riƙa buɗe fayil ɗin cinikin eskuro yana rufewa da hannunsa. Ka karɓi wasiƙun tsofaffin wuraren aikinsa tun da wuri, da kwanan wata da bayanin aikin da ya yi. Ni ba na yarda a aro sunan wani a rubuta alhali yana aiki a wani wuri. Ranar da masu bincike suka zo ba su same shi ba, lasisin ne a cikin haɗari, ga kuɗin mutane a hannunka.

Sai rajista. Ba a ba mutum lasisin nan da sunansa, kamfani ake ba wa, wanda aka kafa domin wannan aikin.

Daga nan jari. Ana son dukiyar kamfani bayan an cire bashi ta kai dala 50,000, kuma a ciki a samu dala 25,000 da za a iya taɓawa nan take, sama da basussukan da ke jiran biya. Kujeru da kwamfutoci ba sa shiga wannan kaso na biyun, don haka kada ka ƙarar da tsabar kuɗinka wajen ƙawata ofis. Akanta mai lasisi ne zai tantance lissafin. Kuɗin aikinsa da ɗan nauyi, amma kada ka nemi mai araha wanda bai taɓa duba asusun amana ba.

Sauran a haɗa su tare: takardar lamuni daga kamfanin inshora ta aƙalla dala 25,000, shiga ƙungiyar EAFC mai biyan diyya idan ma'aikaci ya ci amana, da zanen yatsun masu hannun jari da daraktoci da ma'aikata. Duk wanda ya taɓa samun matsala da kotu ya faɗa da bakinsa a takardar neman lasisin.

Kada ka karɓi ko sisin kwabo kafin lasisi ya fito. Idan ya fito, kuɗin mutane asusunsu daban a banki, kuma kowace shekara a miƙa wa hukumar DFPI rahoton akanta cikin kwana 105 bayan rufe lissafin shekara.