Yadda na kwance notocin MacBook Pro

Ƙurar hunturu ta toshe fankar kwamfutata ta Apple, MacBook Pro ta 2015, sai zafi da ƙugi. Sukudireba mai bakin kuros, irin PH0 da ke buɗe yawancin kwamfutocin HP da Dell, ko motsa notocin ƙasanta ba ya yi. Da na haska su da tocila sai na ga kan kowanne tauraro ne mai kusurwa biyar. Apple ke nan! P5 ake kiran bakin da ya dace da su. Wani bakin mai suna Torx T5 ya yi kama da shi, amma kusurwarsa shida, kuma cinye kan notin zai yi.

Na sayo P5, na danna a miƙe, na murɗa a hankali, duk suka fito. Biyun da ke wajen mahaɗin murfi sun fi gajarta, sai na ware su daban kafin in kakkaɓe fankar.