Yadda na gyara bindigar farauta da ke ƙin tashi

Bindigata mai baki ɗaya, lamba 12 a awon faɗin baki, ta fara ba ni kunya tun ƙarshen damina. In ja kunama sai in ji ƙas, shiru. Ranar da muka shiga dajin bayan ƙauyenmu a yankin Gwaram, zabin daji uku suka tashi a gabana ina kallo.

Na ɗora laifin a kan harsashi, na ce laima ce ta kama shi, na sayo sabo, bai canja zani ba. Wani abokin farauta ya ce in riƙa cika tsofaffin kwanso da albarushi da kaina. Ban ko saurare shi ba: lasisina na riƙe bindiga ne kawai, kuma awo kaɗan ya kuskure, a hannunka za ta fashe.

Baba maƙeri ne ya karɓi harsashin da ya ƙi tashi, ya juya gindinsa ya ce, "Duba nan, yaro." Alamar da allura, wato ƙarfen da ke dukan harsashi ya tashi, ta bari a hular da ke tsakiyar gindinsa ko ƙwayar gero ba ta kai ba. Ashe tsohon mai ne ya haɗu da ƙura ya daskare a ramin allurar, ya hana ta dukan hular da ƙarfi.

Na buɗe bindigar, na tabbatar babu harsashi, na cire bakin. Na ɗiga kananzir a ramin, na bar shi minti 15, na goge da tsohon buroshin haƙori da tsinke har baƙin datti ya daina fitowa. Da ya bushe na sa ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, ɗaya tak, don yawan man ne ya jawo matsalar tun farko.

Harbi biyar, duk sun tashi. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Baba.