Kafin ka sayi hannun jari, duba haƙoran kamfanin

Shekarar da na karɓi giratuti, wani yaron unguwarmu a Ƙofar Ƙaura ya zo mini da waya, ya ce in zuba dubu ɗari biyu a wata harka, duk wata a ba ni kashi talatin. Har da cewa halal ce. Na zuba. Wata biyu na ci, na uku shafin ya rufe, yaron ma ya daina bi ta layinmu. Daga nan na koma bin ƙa'idar mahaifina in ya je sayen sa a kasuwar Mai'adua: ba ya taya dabba sai ya buɗe bakinta ya ga haƙora.

Hannun jari yanki ne na kamfani, kamar ka haɗa kuɗi da wani a shago a babbar kasuwa. In an ci riba da kai, in an faɗi da kai. Duk wanda ya yanka maka ribar da ba ta motsi kowane wata, ko dai bashi da ruwa yake nufi, ko damfara. Mu Hausawa kuma kalmar "riba" tana ruɗa mu, don a bakinmu ribar ciniki ce, a Larabci kuwa ita ce kuɗin ruwan da aka haramta.

Abin dubawa na farko ba ya ɗaukar lokaci: me suke sayarwa? Giya, caca, alade, bankin ruwa, inshorar da ba takaful (inshorar Musulunci) ba, wuce kawai. Siminti, sukari, manja, layin waya, waɗannan sai a shiga mataki na gaba.

Nan ne aikin yake. Nemi rahoton shekara na kamfanin, yawanci yana shafinsu na intanet. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wadda ke tsara ƙa'idojin kuɗi na Musulunci, ta ce bashin ruwan da ke kan kamfani kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajarsa a kasuwa. Darajar nan lissafinta mai sauƙi ne: farashin hannu ɗaya sau yawan hannayen duka. Kuɗin da kamfanin ya ajiye yana karɓar ruwa a kai, shi ma kada ya haura kashi 30. Abin da ya shigo masa ta hanyar da ba ta halatta ba kuma kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shigarsa. Wannan ɗan kashin ba ci ake yi ba. A ce kashi 2 ne, an turo maka rabon riba naira 20,000, sai ka cire 400 ka bayar ga mabuƙaci, ba da niyyar neman lada ba. Ni ina da wata tsohuwar ambulan a aljihun tebur don wannan kawai. Akwai malaman da ba su yarda da wannan sassaucin ba gaba ɗaya, don haka ka zauna da malaminka tukuna.

In lissafin ya yi maka yawa, kasuwar hannayen jari ta Legas tana da jerin Lotus Islamic Index tun 2012, inda ake tace kamfanoni a kan irin wannan ma'auni. Fara daga can.

Sai dai halal daban, araha daban. Raba farashin hannu ɗaya da ribar da ya samar a shekara. Hannun naira 50 mai ribar naira 5, shekara goma ke nan kafin ribar ta kai uwar kuɗi. In ya kai shekara arba'in, tambayi kanka me ya sa. Kuma duba ribar shekara biyar a jere, kada ka tsaya kan ta bara kaɗai, don damina ɗaya mai kyau ba ta nuna ƙarfin gona. Ƙanena ya taɓa ce mini, "Yaya, wannan fa naira biyu ne kacal, mu kwasa." Na ce masa tunkiya mai tari ma araha gare ta.

Saye kuwa ta hannun dillali mai rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannayen jari, ake yi, ya buɗe maka asusun CSCS da sunanka, inda ake ajiye hannayen jarinka, ka cike takardar da za a riƙa tura maka rabon riba kai tsaye banki.

Wanda zuciyarsa ba ta jure hawa da saukar farashi, ga sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardar zuba jari ta Musulunci da ba ruwa a cikinta. Na farko ya fito a 2017, na naira biliyan 100, aka yi tituna da shi, ana biyan masu shi kuɗin haya sau biyu a shekara. Da naira 10,000 ma ana shiga. Uwargidana nan ta sa kuɗin adashinta, ta ce ita ba ta iya kallon lambobi suna ja suna kore a waya.